KWANA 24, AWA 3, MINTI 50: TARIHIN NISAN KANO DA MAIDUGURI

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, don haka masu jiran ci gaban labarinmu ku yi mini haƙuri, wani tsohon bashi ne nake son in biya, wanda ya kai shekara goma sha wani abu a wuyana.

A wani littafina na farko-farko, kashi na biyu, na sa jarumin labarin ya hau jirgin sama daga Kano zuwa Maiduguri domin ya riski ɗaurin auren da ake shirin yi wa masoyiyarsa da wani. To da yake ina son makaranta su ji zafin abin, sai na ce awa huɗu cur jirgin ya yi a sama, har jarumin ya yi kuka, ya yi barci, ya yi mafarki, ya farka aka kawo masa abinci ya kasa ci. Littafin bai yi wata guda a kasuwa ba sai ga waya daga wata baiwar Allah, kun san dai yadda muke saka lambarmu a bayan littafi. Bayan mun gaisa ta yaba labarin sai ta ce, "Amma Anti don Allah kin taɓa shiga jirgi kuwa?" Na ce mata a'a. Ta yi dariya ta ce, "Ai na gani. Maigidana a filin jirgi yake aiki, ya ce awa huɗun nan da kika ba shi ai ta kusa kai mutum Jidda."

Wallahi na ji kunya ba kaɗan ba. Ni 'yar ƙasar Guri ce, a fadamar Haɗejiya aka haife ni, iyakar sanina da jirgin sama a lokacin shi ne farin layin da yake bari a sama da hantsi, sai kuma ɗan ƙaramin nan da ke zuwa feshin tsuntsayen jan baki idan sun addabi shinkafa da gero. Tun daga ranar na sa wa raina sai na san ainihin nisan da ke tsakanin waɗannan filaye biyu, da lokacin da ake ɗauka. Abin da na tarar ya fi ƙarfin gyaran kuskure, domin ashe ban yi ƙarya ƙwarai ba, jirgin ne kawai na ɗauko na zamanin kakanni na saka jarumina a ciki.

Bari mu fara da awo. Idan ka shimfiɗa taswira ka ja zare daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Maiduguri, za ka samu kimanin kilomita 500, kuma kusan gabas sak zaren zai miƙe. A mota kuwa, ta Wudil da Azare da Potiskum da Damaturu, tafiyar ta haura kilomita 550. Mu mutanen Guri muna arewa da wannan zare da kamar kilomita 80, kusan a tsakiyar tafiyar. Wannan nisa bai ƙaru ba bai ragu ba tun da Allah Ya shimfiɗa ƙasa. Lokacin da ake ci kafin a cinye shi ne ya yi ta sauyawa.

A zamanin fatake ba a lissafi da kilomita, da zango ake yi. Kuma Maiduguri ma ba ta nan a matsayin babban gari, don sai a 1907 aka kafa Yerwa, Kukawa ce fadar Shehun Barno. Baturen nan Clapperton ya bar Kukawa a tsakiyar Disamba 1823, ya biyo ta Katagum, bai shiga Kano ba sai 20 ga Janairu 1824, wato sama da mako biyar, kuma a hanya abokin tafiyarsa likita Oudney ya mutu a ƙasar Katagum. Shi kuwa Barth, Bajamushen nan da ya kira kansa Abdulkarim, ya fita daga Kano ranar 9 ga Maris 1851, ya bi ta Gumel, ya isa Kukawa ranar 2 ga Afrilu. Kwana 24 ke nan. Ya bi ta arewa da mu ne, a daidai shekarun da Sarkin Haɗejiya Buhari yake tsakiyar rigimarsa da Sakkwato, lokacin da ayari ba ya ratsa ƙasar nan sai da shawara da addu'a.

To wannan hanya ta gabas ita ce kuma hanyar alhazai. Ƙanin kakana na wajen uwa da ƙafa ya tafi, kuma a gidanmu har yau idan yaro ya daɗe a aike sai a ce masa ko hajjin Baba Ƙarami ka tafi. Yadda Inna take ba mu labari, ya bi ta Barno ya haye Fallomi, wato Injamena ta yanzu, ya wuce Abashe, ya shiga ƙasar Sudan ta Fashir, ya tsaya ya yi ƙwadagon auduga har ya tara kuɗin jirgin ruwa. Shekara bakwai ya yi kafin ya dawo, ya tarar an raba gadonsa, matarsa ta yi wani aure har da 'ya'ya biyu. Wasu da suka tafi tare ba su dawo ba sam, can suka zauna, kamar yadda jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka zauna bayan yaƙin Burmi na 1903 har suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Ku riƙe sunayen garuruwan nan da na lissafa, za mu sake haɗuwa da su yanzun nan.

Ranar 27 ga Oktoba 1925 wasu jirage uku na sojan saman Ingila suka tashi daga Helwan, kusa da Alƙahira ta Masar. Ƙirar DH.9A ne, ragowar yaƙin duniya na farko, masu fukafukai biyu sama da ƙasa, injin ɗaya da farfela a goshi, mutum biyu kacal kowanne yake ɗauka, kuma kawunansu a waje iska tana dukansu. Shugaban tafiyar wani hafsa ne mai suna Arthur Coningham. Suka biyo kogin Nilu zuwa Hartum, daga nan suka juyo yamma, Al'ubayyid, Fashir, Abashe, Fallomi, Maiduguri, sannan ranar 1 ga Nuwamba 1925 suka sauka a Kano, a filin da Turawa ke wasan dawaki, zamanin Sarkin Kano Usman. Kun ga hanyar Baba Ƙarami ce suka biyo tiryan-tiryan, sai dai su daga gabas suka taho, kuma abin da ke cin alhaji shekaru su a kwana shida suka gama shi. Ni wannan ya fi komai tsaya mini a rai. Ba wata sabuwar hanya Bature ya ƙirƙiro ba, inda rijiya take da gari da mai mulki nan matafiyin ƙasa yake yada zango, nan kuma jirgin wancan zamani yake dole ya sauka ya sha mai.

Yanzu ga lissafin da ya wanke ni. Iyakar gudun irin wannan jirgi bai cika kilomita 200 a awa ba, kuma ba mai sakar wa inji iyakar gudunsa a doguwar tafiya a saman daji. Idan ka raba kilomita 500 da gudun da bai wuce 150 ko 160 ba, za ka samu awa uku da 'yan kai. Ƙara masa iskar da ke iya tare shi ta gaba, da laluben hanya da ido, domin babu na'urar da ke nuna musu gari, sai taswira da kamfas da bin kogi ko turba, to ga awa huɗuna ta kusa cika. Da a ce jarumina a 1925 ya yi soyayyarsa da babu mai yi mini dariya. Shi kuwa Coningham ya zama babban kwamanda a yaƙin duniya na biyu, kuma ƙarshensa a jirgi ya zo, domin a Janairu 1948 jirgin fasinjan da yake ciki ya ɓace a tekun Atilantika kusa da Bamuda, ba a ga ko ɓallinsa ba.

Wani abin lura shi ne jirgin sama ya riga jirgin ƙasa zuwa Barno nesa ba kusa ba. Dogo ya iso Kano a 1911, aka ja reshe ta Ringim da Malam Madori da Birniwa ya dire a Nguru a 1930, kimanin kilomita 230, domin kwasar gyaɗa da fatu da shanu. Nan ya tsaya cak. Maiduguri ba ta ga jirgin ƙasa ba sai 1964, shi ma ta Bauchi da Gombe ya zagayo. Wato shekara 39 tsakanin saukar jirgin sama da isowar na ƙasa. Reshen nan na Nguru shi ne namu, shi ya mayar da Malam Madori gari, shi iyayenmu suka sani, kuma duk tsohon da ka tambaya a ƙasar Haɗejiya idan ya ce "jirgi" kai tsaye to na ƙasa yake nufi.

Sai a 1936 abin ya zama na yau da kullum. A watan Fabrairu na shekarar kamfanin Imperial Airways ya fara jigila daga Hartum zuwa Kano, yana tsayawa a Maiduguri, kafin shekara ta ƙare aka miƙa har Legas. Jirgin da suka sa shi ne DH.86, mai inji huɗu, yana ɗaukar mutum kamar goma, amma wasiƙun gwamnati da na kamfanoni su ne babban kayansa. Gudunsa ya ɗan haura kilomita 200 a awa, don haka Maiduguri zuwa Kano ta dawo awa biyu da wani abu. A lokacin duka biyun ƙananan filaye ne, share daji aka yi aka daddaɓe, ga ɗan ɗaki ga gangunan mai. Filin Kano da muke gani yau da girmansa daga nan ya faro, shi ya sa ake ce masa mafi tsufa a Nijeriya.

Yaƙin Hitila shi ya raya su. Da Italiya ta shiga yaƙi a 1940 sai tekun Bahar Rum ya zama ba ya biyuwa ga Ingilishi, alhali suna da yaƙi a hamadar Masar da Libiya. Dabarar da suka yi ita ce, a kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yanzu, a harhaɗa su a can, sannan a tuƙo su Legas, Kano, Maiduguri, Fallomi, Janaina, Fashir, Hartum, har Masar. Ayarin farko ya tashi a Satumba 1940, babban jirgi ɗaya mai masanin hanya a gaba, ƙanana shida suna bin sa kamar 'yan tsaki, kuma kafin a gama an bi da jirage fiye da 5,000 ta wannan hanya. Ku duba fa, dubban jirage suna ratsa sararin Kano da Katagum da Barno, a shekarun da talakan da ke ƙasa yake biyan haraji da kuɗin gyaɗa, ana kuma kwasar 'ya'yansa soja zuwa Bama. Ƙurar hunturu ta ba matuƙan nan wahala ƙwarai, don idan hazo ya sauka ba ka ganin ƙasa, wanda kuwa ya ɓace tsakanin zango da zango mai ya ƙare masa sai dai ya nemi fili ya faɗa.

Bayan yaƙi abubuwa suka yi ta sauri, ba sai na tsaya dogon bayani ba. An kafa kamfanin jiragen Afirka ta Yamma a 1946, Nigeria Airways ta gaje shi a 1958 ta rayu har 2003, a tsakani kuma 'yan kasuwarmu suka shigo, irin su marigayi Muhammadu Adamu Ɗankabo da Kabo Air. Jirgin zamani mai gudun kilomita 800 a awa, idan ka haɗa da hawa da sauka, minti 50 ne zuwa awa guda tsakanin Kano da Maiduguri. Ko shayin da aka ba ka ba ka gama hurawa ba za a ce a ɗaura ɗamara.

Sai dai saurin nan da kuɗinsa aka biya. Ranar 22 ga Janairu 1973 jirgin alhazai da ya taso daga Jidda, wanda Legas ya nufa aka karkato da shi Kano saboda yanayi, ya yi hatsari wajen sauka cikin hazo, mutum 176 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Ba a haife ni ba a lokacin, amma na tashi na tarar da tsoron a bakin manya. Inna tana budurwa abin ya faru, kuma shekara arba'in bayan nan da muka haɗa mata kuɗin kujera, maganar farko da ta yi ita ce, "Ke 'yar nan, ba dai ta Kano za a sauke mu ba ko?"

Wannan ya kawo ni kan filinmu na gida. An ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, amma shekara ashirin da 'yan kai alhazanmu ta Kano suke tashi. Gwamnatin Sule Lamido ce ta gina filin jirgin Dutse, alhazan 2014 suka fara tashi daga can, Shugaba Jonathan ya buɗe shi a watan Oktoba na shekarar, sannan a 2023 aka sa masa sunan marigayi Sarkin Dutse Nuhu Muhammadu Sanusi. Da na ja zarena a taswira, tsakaninsa da filin Kano kimanin kilomita 90 ne kacal. Babban jirgi ba zai gama hawa sama ba zai fara shirin sauka, abin da bai wuce minti 15 zuwa 20 ba. An yi ta muhawara a lokacin, wasu na cewa ina amfanin fili a Dutse ga na Kano a bayan ɗaki, wasu na cewa jiha ba ta cika jiha ba sai da ƙofarta ta kanta. Ni dai ra'ayina a tsakiya yake, kuma ba don tsoron kowa ba. Na ga ranarsa da idona, domin tsohuwa irin Inna ta tashi a cikin 'yan garinsu, ana kiran sunan ƙaramar hukumarsu da harshen da take ji, ba ta kwana uku a sansanin wata jiha ba. Amma fili ba ya cin abinci da alhazai kaɗai, wata biyu ne a shekara, sauran wata goman fa? Mai kuɗin da zai hau jirgi a Jigawa yawanci Abuja ya nufa, kuma da yawansu gidajensu ma a Kano suke.

Akwai kuma ɗan filin saukar ƙananan jirage na Nguru, wanda shi ne mafi kusa da mu, don tsakanin Guri da Nguru a miƙe bai fi kilomita 20 ba. Daga Dutse zuwa can kimanin kilomita 170 ne, ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya ba zai cika awa guda ba. Amma wa ke hawa? Sai manyan baƙi da masu feshi. Fadamar nan tamu ta ga manyan baƙi kuwa, har mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Philip, ya zo Dagona kallon tsuntsaye a 1989. Kuma in dai maganar tashi sama ce, tsuntsayen nan sun riga kowa, suna tasowa daga Turai su ratsa Sahara su sauka a Baturiya da tafkin Nguru duk hunturu, ba biza ba tikiti. Muna yara muna jifansu da danƙo ba mu san sun fi duk mutanen garin yawon duniya ba.

Ga inda lissafin ya tsaya mini a maƙogwaro. Daga Dutse zuwa Jidda sama da kilomita 3,000 ne, jirgi yana yin ta a awa huɗu da rabi zuwa biyar. Daga Dutse zuwa Guri a miƙe kimanin kilomita 160 ne. Shekarar da Inna ta sauke farali, dawowarsu ta faɗo a ƙarshen damina, kuma shekarar ruwa ce. Duk wanda ya san ƙasarmu ya san abin da nake nufi. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar ruwan kogin Haɗejiya ta sauya, ciyawar kacala ta toshe hanyoyinsa, sai ya rasa inda zai bi ya fantsama gonaki da gidaje, kamar yadda muka gani a 2018 da 2020 da 2022. Jirginsu ya sauka da asuba. Kafin a gama kiran suna da rabon jaka rana ta take. Muka kama hanya a motar haya, muka iso Haɗejiya bayan la'asar, muka sake wata motar, ita kuma ta kai mu inda ruwa ya yanke hanyar ƙauyenmu ta tsaya, direba ya ce ko da kuɗin Ƙaruna ba zai saka tayarsa a ciki ba. Ban ga laifinsa ba. A wani gida muka kwana, mutanen kirki, suka ba Hajiya sabuwar tabarma suna ta shafa hannunta don neman tabarruki.

Da gari ya waye muka shiga kwalekwale, ita da jakarta da jarkar zamzam a cinya, ta ƙi yarda kowa ya riƙe mata. A wannan kwalekwalen ne dai ake fito da mai naƙuda idan haihuwa ta zo da gardama, da wanda maciji ya sara, kuma ba duka suke kai wa asibitin Haɗejiya da rai ba. Ina kallon ruwan ina lissafi a zuciyata, awa biyar daga Jidda zuwa Dutse, awa ashirin da shida daga Dutse zuwa ɗakin Inna. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, in ji masu iya magana.

Muna tsakiyar ruwa, mai fito yana ta kokawa da kacala da gorarsa, sai ga farin layin nan a sama, wani jirgi ya fito daga yamma ya nufi gabas. Yaran da ke cikin kwalekwalen suka ɗaga hannu suna yi masa ihu kamar yadda muke yi muna ƙanana. Inna ta ɗaga kai ta bi shi da kallo, ita da jiya-jiya take cikin irinsa, ta ce, "Wannan ina za shi?"

Na ce, "Ga alama Maiduguri, Inna."

"Yaushe zai kai?"

Na ce, "Daga nan bai fi rabin awa ba."

Ta yi shiru tana gyara zaman jarkarta, can ta dubi mai fito ta ce, "To Malam, mu kuma fa?"

Ya ce, "Hajiya in Allah Ya yarda kafin azahar."